Kafin ka hau ruwa

Ɗana, maganar jirgin ruwa ta cika zango. Daga Dapaong har nan Sokode, duk inda samari suka haɗa kai a kan waya, ita ake yi. Wai manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa suna ɗaukar ma'aikata, masu kai abinci da masu gyaran ɗaki da masu wanki da guga. Wai albashin da dala ne. Wai ci da kwana duk a kansu. Mahaifiyarka ta ce da ni kai ma hankalinka ya tafi can, har ka fara tambayar kuɗin fasfo.

Ba zan ce kada ka tafi ba. Da wane bakin? Mu kanmu 'ya'yan tafiya ne. Kakanninmu da jakuna suka baro Kano da Katsina, suka biyo ta Jugu da Mango suna neman goron Gwanja. Wasu suka kai Salaga suka juya. Wasu suka sauke kaya a Didawure nan Sokode, wuri ya karɓe su, suka yi aure, ga mu. Mai irin wannan jini ba a ɗaure masa ƙafa. Abin da nake so, ka ba ni aron kunnenka mu tuna shekarar 2020 tare. Lokacin kana ɗan makaranta. Abin da ya fi damunka shi ne an hana ƙwallo. Mu manya mun ga wani abu daban.

Ranar 6 ga Maris aka ce an samu mai korona ta farko a Lome. Muka ce Allah ya kyauta, Lome ai da nisa. Mako biyu bayan nan aka rufe iyakokin ƙasa. Aka rufe makarantu da masallatai da coci. Aka killace garuruwa huɗu, Lome da Tsevie da Kpalime da Sokode, ba shiga ba fita. Ranar 1 ga Afrilu shugaba Faure Gnassingbe ya kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya. Dokar hana fitar dare ta fara a Lome, ba a jima ba ta biyo mu har nan yankinmu na Cawujo. Azumi ya kama a ƙarshen watan. Muka yi shi ba asham a masallaci, ba tafsiri, kowa ya sha ruwa a tsakar gidansa.

Ka san Sokode garin mota ne. 'Yan'uwanmu Kotokoli sun yi suna a tuƙi har wajen ƙasar nan, mu ma kusan kowane gida da direba ko yaron mota. To da ka ga tasha a watannin nan, da ka yi kuka. Bas-bas a jere, ƙura ta rufe gilashi, yara suna rubuta sunayensu a kai da yatsa. Wasu tayoyin sun sace don zama. Yaran mota a kwance a inuwar ƙarƙashi suna dara. Mai shayi ya kife kofunansa. Mai koko da ƙosai da ta saba ƙarar da ƙullunta kafin hantsi ta rage shi, ta sake ragewa, shi ma sai ya yi kwantai. 'Yan kamasho, masu faci, masu dako, masu sayar da burodi da wagashi ta tagar mota, duk shiru. Ba wanda ya kira su ofis. Ba wanda ya ba su takardar sallama. Aikin ne kawai ya daina zuwa.

Amma tirela ba ta tsaya ba. Wannan nake so ka riƙe. Daga tashar jiragen ruwa ta Lome suke tasowa, su ci kilomita wajen 340 su ratsa tsakiyar garin nan, su wuce Bafilo da Kara da Mango, su bi ta ƙofar gidanku a Dapaong, su tsallaka a Sinkase. Wasu Wagadugu za su, wasu Yamai, wasu Bamako. Shinkafa ce, sukari ne, siminti, taki, man fetur, magani. Dokar da ta tsayar da mutane ta bar kaya su wuce. A shinge a ɗora wa direba na'urar auna zafi a goshi, a duba takardu, a ɗaga masa sanda.

Akwai wani gida a layinmu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Wajen maigida ɗaya suka koyi tuƙi. Wan yana jan bas tsakanin Sokode da Lome, ƙanen yana jan tirela. Kafin annoba wan ake sha'awa. Kullum cikin shadda mai tsabta, kullum da tsaraba, ya kwana a gida sau da yawa a mako. Ƙanen kuwa sai ya yi sati biyu a hanya, ya dawo duk baƙin mai. Da aka rufe gari, ƙanen nan shi ya ciyar da gida biyu, har da kayan sallar yaran wansa. Wan bai yi lalaci ba, bai yi ganganci ba. Hannunsa a sitiyari ma ya fi na ƙanen laushi. Bambancinsu abin da kowa ya ɗauko a bayan motarsa. Ɗaya yana ɗauke da abin da mutane za su iya ɗagawa zuwa baɗi. Ɗaya yana ɗauke da abin da in babu shi ba za a ɗora tukunya ba.

To haka teku take, ita ma da tirelarta da bas ɗinta. Jiragen kwantena da na mai ba su daina shiga Lome ba ko a tsakiyar annoba. Jiragen shaƙatawa kuwa, waɗanda kan tsaya da safe su sauke Turawa, a kai su kasuwar bokaye ta Akodesewa ko Togoville ko Kpalime, su koma kafin magariba, ɗif suka ɗauke. Mu nan arewa dama ko ƙurarsu ba ma gani. Amma masu sassaƙa da masu rakiyar baƙi da direbobin da ke jiransu a bakin tasha sun ji a jikinsu.

Ni mai rediyo ce, ka sani, da ita nake kwana da ita nake tashi. Abin ya fara ne da wani jirgi, Diamond Princess. A farkon Fabrairun 2020 aka tsare shi a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki. Sama da 1,000 daga cikinsu ma'aikata ne. Aka ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa. To wa zai kai masa abinci? Wa zai kwashe kwanuka, ya canza tawul? Fasinja yana killace, ma'aikaci yana hawa yana sauka da tire a hannu. Da dare ya koma can ƙasa, ɗan ɗakin da ba shi kaɗai ke kwana ba. Abincinsu ma wuri ɗaya suke ci. Sama da mutum 700 suka kamu. Da likitoci suka bi diddigi, suka ga ma'aikatan da suka fara kamuwa yawancinsu masu aikin abinci ne. Irin aikin da ka iya ke nan. Ban faɗa don in tsorata ka ba. Na faɗa don ka san inda mai tire yake tsayawa in rana ta ɓaci.

Ranar 14 ga Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana jiragen shaƙatawa tashi daga tashoshinta. Da farko kwana 30 aka ce. Sai ƙarshen Yunin 2021 babban jirgi ya sake tashi daga can da fasinja. Ka lissafa, wata 15. Azumi biyu, ƙaramar salla biyu.

Kamfanoni suka shiga rage mutane. A Afrilun 2020, Royal Caribbean ya sallami ko ya tura hutun dole kashi 26 cikin 100 na ma'aikatansa sama da 5,000 da ke Amurka. A Mayu, Carnival, wanda ya fi kowa girma a harkar, ya soke guraben aiki 820 a Fulorida, ya tura 537 hutu ba albashi. A shekarar 2020 kaɗai ya yi asarar sama da dala biliyan 10, ya kuma yanke shawarar rabuwa da jirage 19. Wasu an sayar wa ƙananan kamfanoni. Wasu an ja su zuwa Aliaga a Turkiyya, inda ake yanka jirgi a sayar da ƙarfensa. An nuna hotonsu a jere a bakin gaɓa, an ɓalle musu kai, ana hango wurin wanka da wurin wasan yara. Kowane ɗaya a cikinsu wurin cin abincin mutum ɗaruruwa ne.

Waɗancan da na ƙidaya maka ma'aikatan ofis ne, a kan tudu. Su ake da sunayensu a jarida. Na cikin jirgi fa? Su ne masu yawa, 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, da 'yan Afirka daga Moris da Afirka ta Kudu da Kenya. Su da kwantiragi suke aiki, wata shida, wata takwas, wata tara. In ya ƙare ka tafi gida ka jira kira. Irin wannan ma'aikaci kamfani ba ya buƙatar korarsa. Ya bar wa'adi ya cika, ya yi shiru. Ba a ce an sallame ka ba, balle ka nemi kuɗin sallama. Kana nan kana duba waya.

Kuma kafin a kai ga jiran, sai an fara sauka daga jirgin. An kwashe fasinjoji cikin makonni, ma'aikata suka rage. A watan Mayu sama da mutum 100,000 suna kan ruwa, ba ƙasar da ke son su sauka, har ƙasashensu na haihuwa sun rufe ƙofa. A gaɓar Manila jirage sama da 20 suka yi cirko-cirko, sun kawo 'yan Filifin gida, suna hango fitilun garinsu, ba damar taka ƙasa sai an gama gwaji. Ba fasinja, ba tukwici, kuma tukwicin nan shi ne ƙashin bayan albashin mai kai abinci. Wasu da wa'adinsu ya cika an daina biyansu, ana dai ba su ci da makwanci. Akwai waɗanda zaman ya fi ƙarfin zuciyarsu har suka hallaka kansu. Allah ya tsare mu. A Ingila, a watan Yuni, hukumar kula da teku ta tsare jirage biyar na kamfanin Cruise & Maritime Voyages saboda albashin da aka jinkirta da kwantiragin da ya wuce wa'adi. Wata guda bayan nan kamfanin ya durƙushe. Ka tuna kuma filin jirginmu na Lome sai a Agusta aka buɗe shi ga fasinja. Da kana can, ko an sake ka, ta ina za ka shigo?

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa na daɗe a kan wannan.

Bari mu dawo gida, akwai wani darasin a nan. Ranar 8 ga Afrilun 2020 gwamnati ta fito da tallafin Novissi don masu neman na yau da gobe. Ba layi, ba zuwa ofis. Ka danna *855# a wayarka, ko ƙaramar waya ce mai tocila, ka amsa tambayoyi, kuɗi su shigo ta T-Money ko Flooz. Mace sefa 12,250 a wata, namiji 10,500, ana biya kashi biyu. Mu mata muka yi dariya, muka ce yau gwamnati ta gane wa ke riƙe da tukunya. A Lome aka fara, sannan aka kawo Cawujo. Sama da mutum 500,000 suka samu a zagayen farko. Kuɗin ba su da yawa, mafi ƙarancin albashi a lokacin 35,000 ne, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba su riƙe gida. Amma sun sa hayaƙi ya tashi a madafa da yawa.

Sai dai da sharaɗi. Sai da lambar katin zaɓe, don a jikinsa aka rubuta inda kake zaune da sana'arka. An yi zaɓe a Fabrairu, katunan suna kusa ga masu su. Ranar nan na ga mata suna zazzage kwalla da akwati, suna kwance ƙullin tsumma, ana fito da katin asibiti da tsofaffin hotuna da rasit, ana neman ɗan katin nan. Wata maƙwabciyata ta samu nata a ƙarƙashin ledar ɗaki, ruwa ya ci gefensa, sai da jikarta ta kai shi rana ta karanto lambar ɗaya bayan ɗaya. Da saƙo ya shigo ta yi guɗa. Samarin da suka ce me kati zai ba ni suka tsaya suna kallo. Akwai kuma 'yan'uwanmu na zango da suka shekara talatin a nan, tushensu Nijar ko Najeriya, ba su da katin nan, can gida ma ba a san da su ba. Su sai maƙwabta suka ɗauke su, da kuɗin adashe, da zakkar fidda kai. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana. Ranar wahala, abin da aka rubuta da sunanka tun ana zaman lafiya shi ake dubawa.

Ku a Dapaong naku ya zo a baya. A Janairun 2021 aka killace yankinku, aka sa dokar dare, Novissi ta biyo. Iyakar Sinkase, da ba ta kai kilomita 40 daga gare ku ba, ba a buɗe wa mutane ita ba sai Mayun 2022, alhali kasuwar garin da 'yan Burkina da 'yan Gana take ci. A wannan watan na Mayu dai 'yan bindiga suka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi. A Yuni aka sa wa yankin Savanes dokar ta-ɓaci ta tsaro. Baƙin da kan zo ganin kogunan Nok suka janye ƙafa. Na san otal ɗin da kake aiki yakan kwana da ɗakuna a rufe. Na san albashin yakan zo a gutsure. Don haka ban ga laifinka ba da ka ɗaga kai kana hangen nesa. Sai dai ka lura, daga otal ɗin tudu za ka koma otal ɗin ruwa. Har yanzu fasinja za ka ɗauka.

Gaskiya kuma, jiragen sun dawo. A 2019 fasinja miliyan 29.7 suka hau, a 2023 suka kai miliyan 31.7. A Janairun 2024 aka fito da Icon of the Seas, jirgi guda mai ma'aikata sama da 2,000. Aikin akwai shi, ba tatsuniya ba ne. Akwai waɗanda suka gina gida da shi, suka kai iyaye Makka. Allah ya sa kana cikinsu. Amma inda ake rububi nan ɓarawo ke cin kasuwa, saboda haka mu yi maganar dillali.

Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 2006 kan aikin teku, Togo na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Ta ce ba a karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aiki a jirgi. Abin da ke kanka fasfo ne, da gwajin likita, da littafin ma'aikacin teku. Kuɗin biza ma na mai jirgi ne. Don haka duk wanda ya ce ka turo dubu ɗari biyar ta Flooz a ajiye maka gurbi, ka yi masa godiya, ka ce za ka yi shawara da goggonka. Ka ɗora mini laifin, na yafe. Ka tambaye shi sunan kamfanin, da sunan jirgin, da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, don yawancinsu a Bahamas ko Panama ko Malta aka yi musu rajista, dokar can ce ke kansu. Ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga ko sunan dillalin yana cikin waɗanda suka yarda da su. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce yau ne kaɗai, gobe an rufe, ka bar shi ya rufe. Mun ga samarin da aka kira Akra ko Abijan da sunan aiki, aka karɓe musu takardu, aka tara su a gida ɗaya, aka ce kowa ya kira 'yan'uwansa su turo kuɗi. Wasu gonar gado aka sayar. Fasfonka kada ya kwana a hannun kowa.

Akwai kuma horon da ba a hawa jirgi sai da shi, na kashe gobara da ceton rai a ruwa da taimakon gaggawa. Ana yin sa a makarantun teku na gaskiya, irin jami'ar teku ta Akra da makarantar teku ta Abijan. Takardar da aka buga maka a shagon kwamfuta ba za ta wuce ƙofar jirgi ba. In ma ta wuce, ranar gobara ba za ta kashe wuta ba. Turancin Ingilishi kuma ka ƙara himma, Faransancinka shi kaɗai ba zai kai ka ba.

In takardar kwantiragi ta zo, kada murna ta sa ka sa hannu a tsaye. Ka zauna. Ka nemi wanda ya fi ka karatu ku bi ta layi layi. Nawa ne tsayayyen albashi, nawa ne tukwici? Babban adadin da ake nuna muku a waya sau da yawa an haɗa su ne, kuma ka ji abin da ya sami tukwici a 2020. In jirgi ya tsaya ba laifinka ba, me za a biya ka, har zuwa yaushe? In ka yi ciwo wa ke da magani? Yarjejeniyar nan ta ce mai jirgi ne zai maido ka gida da kuɗinsa. To a rubuta Lome ƙarara, kada a sauke ka a wata ƙasa a ce an gama. Ta ce kada zamanka a jirgi ya kai wata 12 a jere. Ta ce hutunka kada ya gaza awa 10 cikin 24. Ka ga ke nan sauran awoyin suna da yawa, kuma ba Juma'a ba Lahadi. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, tana da jami'ai a manyan tashoshi, su suka tsaya wa mutane da yawa a lokacin annoba. Ka rubuta lambarsu a takarda, ban da cikin waya. Kwafin komai kuma ka bar wa mahaifinka.

Sai wane aiki za ka nema a ciki. Nan ne nake so ka yi dogon tunani. Kai abinci ya fi kawo tukwici, na sani. Amma ranar da ka sauka, me ka sauko da shi? Iya riƙe tire da iya murmushi sai inda baƙi suke. Wanda ya shiga gidan burodin jirgi ya sauko da burodi a hannunsa, kuma Dapaong ba ta daina cin burodi ba ko da dokar dare. Wanda ya bi masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ko masu lantarki, ko masu walda, ya sauko da abin da za a neme shi har gida. Ko da tire ka fara, ka sa ido, ka yi abota da mutanen ƙasa, ka nemi canji in dama ta samu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wannan zai sauƙaƙa maka wani abin ma. A tiren nan akwai giya, akwai naman alade. Ba ni ce malama ba. Ka je wajen malaminku tun kafin ka sa hannu, ka faɗa masa aikin yadda yake, kada ka rage. Salla kuwa, 'yan Indonesiya Musulmi suna da yawa a jiragen nan, ka neme su, za su nuna maka yadda suke yi da lokaci da alƙibla da azumi.

Yanzu kuɗi. Wata na farko da dala ta shigo hannunka, zuciyarka za ta ce ka tura duka, a san ka isa. Ka yi haƙuri da ita. Ka tuna tsakanin kwantiragi da kwantiragi akwai wata biyu ko uku da yawanci ba a biya. Ka tuna wata 15 ɗin nan. Abin da ka saba wa gida da shi a shekarar farko shi za a ɗauka haƙƙi ne. In ka buɗe hannu gaba ɗaya, ga abin da zai biyo baya, na gan shi a gidaje da yawa masu ɗa a Turai ko Gabon. Mahaifiyarka za ta ajiye sana'arta, a ce ta huta. Ƙanenka zai fara latti wajen maigidansa, daga baya ya daina zuwa. Bikin ƙanwarka zai kumbura. Ba don mugunta ba, kowa yana alfahari da kai ne. Amma gidan da yake da hannu biyar masu nema ya koma hannu ɗaya, kuma hannun nan yana tsakiyar teku, a ƙarƙashin tutar wata ƙasa. Ranar da aka tsayar da jirgi ba kai kaɗai aka sallama ba.

Don haka ka yanka abin da za ka riƙa turawa, daidai wanda za ka iya ɗorewa a kai. Ka ƙara wa mahaifiyarka jari, kada ka raba ta da kasuwa. Ka biya wa ƙanenka kuɗin koyon sana'a kai tsaye a hannun maigidan. Ka ajiye na wata shida inda kai ma sai da wahala za ka taɓa. Abin da ya rage ka sa shi a abin da ake ci. Masara da dawa da gero a kaka, a ajiye zuwa bazara. Zabi, tunda ƙasarku ƙasarsu ce. Raguna don layya. Injin niƙa a unguwa. Samari da yawa burinsu su dawo su sayi bas ko su buɗe wurin shaƙatawa. Ba haramun ba ne. Amma kai da kake cin abinci a jikin fasinja, kada ka kai ajiyarka ma wajen fasinja. Abin da zai tsayar da jirginka shi zai tsayar da bas ɗinka, a mako ɗaya.

Saura abu guda, shi ne ya fi mini nauyi. Kana iya yin duk wannan, a kuma sallame ka. Annoba ba ta shawara, kamfani ma yakan faɗi ba annoba. In haka ta faru, ba ka yi abin kunya ba. Masu digiri a ofisoshin Mayami ma an miƙa musu takarda. Abin da na gani yana karya samari shi ne ɓoyewa. A 2020 wani yaron unguwar nan yana aiki a wani babban otal a Lome, aka ce su tafi gida sai an neme su. Bai faɗa wa kowa ba. Da aka buɗe hanya ma bai taho ba. Ya ci gaba da biyan haya, yana turo wa tsohuwarsa kuɗin wata kamar kullum, ashe bashi yake ci da ruwa. Ya sayar da babur, ya sayar da talabijin. Sai da mai ɗaki ya fitar masa da kaya muka ji. Aikin ya dawo bayan shekara guda da wani abu, bashin kuwa ya daɗe yana bin sa, har auren da aka sa masa rana sai da aka ɗaga. Abokinsa da aka sallame su rana ɗaya ya hau motar farko ya taho. An yi ta magana kwana biyu, ka san bakin zango, sannan aka samu wani zancen. Ya bi kawunsa gona a daminar nan, ya yi doya da masara. Da otal ya kira shi ya koma ba a bin sa ko dala.

Saboda haka in ranar ta zo, ka kira gida kafin ka kira mai ba da bashi. Ka faɗi abin da ya rage a hannunka, ko jaka biyar ce, mu san inda za mu fara. Kada ka tsaya a Lome kana jiran sai ka haɗa tsaraba. Kuɗin mota daga can zuwa Dapaong ba zai gagare mu ba, ni da mahaifinka.